Mahaucin da ya ji tsoron wuƙa

Kawuna mahauci ne. Shekara talatin da ɗoriya yana fita daga Aboabo, unguwarmu a Kumasi, kafin kiran assalatu, ya nufi mayanka, ya saɓa cinyar sa a kafaɗa kamar wanda ya ɗauki sallaya. In ka miƙa masa kayan ciki, da ido kaɗai zai gaya maka ko dabbar ta yi ciwo. Ya ɗaga hanji ya dubi launinsa, ya ce wannan lafiyayye ne, wancan a zubar. Amma shi kansa ya shekara takwas yana yawo da gwaiwa, ya ɗaure ta da tsumma a ƙarƙashin wando, kuma duk gidan ba wanda ya isa ya kama sunanta a gabansa. In ta sauko sai ya kwanta rigingine, ya danna ta da tafin hannu ta koma, ya tashi ya ci gaba da harkarsa. Ranar da na yi ƙarfin hali na kawo masa zancen asibiti, dariya ya yi ya ce, "Kai yaro, ni da nake yanka, ni za a kwantar a yanka? Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi."

Wata Alhamis bayan isha'i ta sauko ta ƙi komawa. Ya danna, ya danna, ta yi tauri kamar ɗanyen mangwaro. Kafin tsakar dare ya fara amai. Aka aiki yaro kemis ya sayo tramol, zafin ya ɗan lafa, kowa ya ce alhamdu lillahi. Da safe aka kira mai maganin kooko, wato basir, don a Kumasi duk ciwon da ya shafi ƙasan cibiya kooko ne har sai an tabbatar da akasin haka. Aka karɓo rubutu. Ni ina ta cewa mu tafi, ana ce mini a jira yayansa ya dawo daga masallacin Juma'a, shi ne babba, shi zai yanke shawara. Sai wajen la'asar muka ɗora shi a pragya, keken haya mai ƙafa uku, cikinsa ya kumbura ya yi tam, ko tusa ba ya iya yi.

Asibiti na farko suna da ɗakin tiyata, har na hango ƙofarsa, amma mai sa barci ba ya nan sai Litinin. Na biyu suka ce ba gado, ko saukowa da shi ba mu yi ba. Na uku suka karɓe shi da dare, suka sa masa tiyo ta hanci da ƙarin ruwa, sannan aka miƙo mini doguwar takarda ta abubuwan da zan sayo a waje, aka ce mu kawo mutum biyu su ba da jini. Ni ne tafinta, likita na Turanci da Tuwi, ni ina mayarwa da Hausa, kuma sai da na maimaita wa yayansa sau uku cewa sa hannu a takardar yarda ba sallama ɗan'uwansa ga mutuwa ba ne. Da asubahin Asabar aka shiga da shi. Da aka fito, likitan ya kira ni gefe ya nuna mini abin da ya yanke a cikin wani kwanon ƙarfe: guntun hanji kamar tsawon kamu ɗaya, baƙi ƙirin.

Da Kawu ya dawo hayyacinsa, tambayar farko da ya yi mini ita ce, "Wane launi ne?" Na gaya masa. Ya yi shiru can, sannan ya ce, "Da a mayanka ne, da na ce a zubar."

Ya rayu, kuma ba don iyawarmu ba. Abin da ya hana ni barci tun daga lokacin shi ne lissafin awoyin. Hanjin da gwaiwa ta shaƙe jini ba ya kai masa, kuma likitoci kan ce daga awa shida abin ya fara shiga haɗari. Mu mun haura awa talatin. Kusan ashirin daga ciki a tsakar gidanmu muka ɓatar da su, sauran a kan titi da bakin ƙofofin asibiti. Ga kuma shekara takwas ɗin da suka gabata, waɗanda a kowace rana cikinsu ana iya yi masa aikin da bai kai awa ɗaya ba, da allurar kashe wurin kawai, ya kwana ɗaya ko ma ya koma gida a ranar.

Idan aka ce tiyatar gaggawa, hankalin mutane kan tafi ga haɗarin mota a hanyar Akra ko mace mai naƙuda. Waɗannan suna da masu yi musu magana, kuma sun cancanta. Amma akwai wani rukuni da ba a jin ɗuriyarsa: babban mutum da ya kwanta lafiya, ba wanda ya buge shi, ba abin da ya faɗo masa, cikinsa ne kawai ya juya. Farfesa Michael Ohene-Yeboah, likitan fiɗa da ya daɗe yana aiki a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, asibitin da mu muka fi sani da Gee, ya bi bayanan manya sama da 3,000 da aka kwantar da ciwon ciki na gaggawa tsakanin 1998 da 2004. Afendis ne a gaba, sai hujewar hanji saboda taifot, sai toshewar hanji, sai fashewar gyambon ciki. Duba jerin nan da kyau. Babu cutar da ta gagari likita a ciki. Kowace an san aikinta tun zamanin kakanninmu, kuma kowace tana kisa ne idan an makara.

Taifot ɗin ma abin kunya ne a ce har yanzu tana huda hanjin mutane. Daga ruwa da abinci marasa tsabta take shiga, a yi ta zazzaɓi ana shan maganin maleriya, a mako na biyu ko na uku ta ci bangon ƙaramin hanji ta huda, ƙazanta ta malale cikin ciki. Duk wanda ya san yadda kwatocin Aboabo da Asawase suke cika su tumbatsa da damina ya san inda wannan aikin tiyatar ya samo asali. Gyambon ciki kuwa, je ka tsaya bakin kemis da yamma ka ga yadda 'yan dako da masu tura amalanke daga kasuwar Kejetia suke sayen diclofenac da 'yan'uwansa, su haɗiye ba komai a ciki don gobe su iya tashi. Irin waɗannan magungunan suna cin bangon tumbi a hankali har ranar da zai fashe.

Gwaiwa ce ta fi ci mini rai, domin ita tana ba da sanarwa shekara da shekaru. Wani bincike da aka buga a 2016, wanda aka yi a yankin Barekese nan kusa da mu, ya gano cewa kusan namiji baligi 1 cikin 10 yana ɗauke da ita ba a yi masa aiki ba. Wani lissafin na 2013 ya kiyasta masu gwaiwar da ke damunsu a Gana sun haura 500,000. Ka ƙirga sahun gaba a masallacinku ranar Juma'a, ka raba goma. Kuma mu muka mai da ita abin dariya. Yara suna tsokanar mai ita, ana yi masa waƙa, ana danganta ta da mazakuta, har ya zama dattijo ya gwammace ya ɗaure da tsumma da ya tuɓe a gaban nas 'yar cikinsa. Ga tsoron da ake raɗawa a majalisa cewa wanda aka yi wa aikin ba ya ƙara haihuwa, ko ba ya ƙara kusantar iyali. Kawu ya sami ɗa bayan nasa aikin, in wannan zai kwantar wa wani da hankali.

To amma ba zan tsaya a kan laifin gida ba, don na ga yadda ake son a sauke wa talaka kayan duka a ce jahilci ne. Mutum ba ya gudun asibiti haka kawai. Iyayenmu sun rayu a zamanin biya kafin a duba ka, kafin a kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, kuma sun ga waɗanda aka bari a kan benci saboda ba kuɗi. A takarda, katin inshora ya ɗauki aikin gwaiwa, ya ɗauki duk wata tiyatar gaggawa. A zahiri, wanda ya taɓa jinya ya san takardar nan da ake miƙo maka a ce je ka sayo, don asibitoci sun sha kukan ana jinkirta biyansu kuɗin da suke bin hukumar inshora. Mahauci ko direban motar haya ta trotro da ke ci daga abin da ya samu a ranar, in ya kwanta mako uku wa zai ba da kuɗin cefane? Jinkirin nasa lissafi ne, ko da lissafin ya zo da kuskure.

Sannan ga abin da muka tarar a bakin ƙofa. A 2018 ƙasar nan ta girgiza da labarin wani dattijo mai shekara 70 a Akra da ya cika a cikin mota bayan asibitoci bakwai sun ce ba gado. Aka yi ta surutu a rediyo, Majalisa ta yi magana, aka ce kada a sake mai da mara lafiyan gaggawa. A Janairun 2020 aka raba motocin asibiti 307, kowace mazaɓa ta samu, ga lambar 112. Madalla. Amma motar asibiti ba ta yin tiyata, iyakarta ta kai ka inda za a yi. In asibitin gunduma yana da ɗakin aiki ba mai sa barci, ko akwai mai sa barci ba jini, ko akwai jini ba likitan da ya taɓa buɗe ciki shi kaɗai, to motar za ta ɗauko ka ne ta ƙara wa Gee cunkoso. Asibitin da aka gina a shekarun 1950, mai gado wajen 1,200, shi ake turo wa marasa lafiya daga Ashanti da Bono da Ahafo har da arewa. Sai da Sarkin Ashanti, Otumfuo Osei Tutu II, da kansa ya fito a 2023 yana neman gudummawar dala miliyan 10 don a gyara tsofaffin gine-ginensa.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce, kuma sanin haka bai sanyaya mini rai ba. A 2008 likitoci biyu, Paul Farmer da Jim Yong Kim, wanda daga baya ya shugabanci Bankin Duniya, sun kira tiyata agolan harkar lafiya ta duniya, kuma duk wanda ya san yadda agola ke cin abinci a gidan mijin uwa ya gane abin da suke nufi. A 2015 kwamitin mujallar likitoci ta Lancet ya fitar da alƙaluma: mutum biliyan 5 ba sa iya samun tiyata mai inganci da za su iya biya a lokacin da suke bukata, ana bukatar ƙarin ayyuka miliyan 143 duk shekara, kuma a 2010 cututtukan da ke bukatar tiyata sun kashe mutum miliyan 16.9, fiye da ƙanjamau da tarin fuka da maleriya in an haɗa su. Suka kafa ma'auni mai sauƙin ganewa: mutum ya iya isa cikin awa 2 inda za a buɗe masa ciki, a yi wa mace aikin haihuwa, a gyara karayar da ƙashi ya fito. A shekarar ne kuma ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince cewa tiyata da sa barci suna cikin kiwon lafiya na kowa da kowa. Mu a Aboabo muna iya isa asibiti cikin minti ashirin in ba cunkoso. Ƙofar ce kusa, wuƙar na nesa.

Wani abokina da ke aikin lafiya a unguwanni ya taɓa ce mini, kuɗin da za a kashe a buɗe cikin mutum ɗaya ai ya sayi gidan sauro ɗari, ƙasa matalauciya dole ta zaɓa. Na ɗauki maganarsa da muhimmanci, don ba mugu ba ne, yara yake tunani. Amma masana tattalin arzikin lafiya da Bankin Duniya ya wallafa aikinsu a 2015 sun yi wannan lissafin, suka ware ayyukan tiyata 44 na dole, suka ce samar da su zai hana mutuwar mutum kusan miliyan 1.5 a shekara, kuma in aka auna kuɗin da amfanin suna cikin abubuwa masu araha a harkar lafiya, musamman a asibitin gunduma. Ban da haka, wanda afendis ko gwaiwa ke kashewa galibi shi ne mai sayen gidan sauron. In ya faɗi, 'ya'ya shida ne suke fita daga makaranta. Kuma aikin da ya fi tsada shi ne wanda aka bari ya zama na tsakar dare: abin da aka kashe wa Kawu, da jini da magunguna da kwana goma sha biyu a gado da wata biyu ba sana'a, ya isa a yi wa mutane da dama aikin gwaiwa cikin natsuwa.

Shi ya sa nake ganin in gwamnati na da sidi ɗaya na kashewa a wannan fanni, ta fara da mutanen da za su tsaya a ɗakin aikin da ake da shi, kafin ta ɗora sabon tubali. An ƙaddamar da shirin asibitoci 111 a 2021, kuma ba na ƙin gini. Sai dai gini ana yanke masa ƙyalle a ɗauki hoto, mai sa barcin da zai kwana a asibitin gunduma daren Juma'a kuwa ba wanda zai ɗauke shi hoto. Muna da Kwalejin Likitoci da Masu Fiɗa ta Gana tun 2003, tana horar da ƙwararru a gida, amma ƙwararrun sun taru a Akra da Kumasi, wasu kuma sun haye jirgi. Ba sai an jira kowace gunduma ta sami farfesa ba. A garin Ho an gwada: aka horar da likitoci na gama-gari su yi aikin gwaiwa da ragar da ake ɗinkawa a toshe wurin, aka kwatanta da na ƙwararrun likitocin fiɗa, sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna nasu bai gaza ba. Ragar ma ba dole sai mai tsada ba. Wani likita a Indiya, Tongaonkar, ya daɗe yana amfani da yadin gidan sauro da aka tsabtace, kuma gwajin da aka yi a Yuganda aka buga a 2016 ya nuna mai arahar ta yi daidai da ta kamfani. Abokina mai gidan sauro ya yi dariya da na gaya masa wannan.

Akwai abin da ban sani ba sai da na yi jinya: fitowa daga ɗakin tiyata da rai rabin tafiya ce. A gadon da ke kusa da na Kawu akwai wani saurayi, tela, da taifot ta huda wa hanji. An yi masa aiki, ya farfaɗo, har muna hira yana ce mini zai ɗinka mini kaftani. Dare na uku numfashinsa ya canza, jikinsa ya yi zafi, yana sambatu. Nas biyu ne a kan ɗaki cike da mutane, suna ta kai da kawo, ba zan ce sun yi sakaci ba. Mahaifiyarsa tana ganin barci yake yi, tana yi masa fifita. Kafin a ankara a kira likita, an makara. Da safe aka naɗe katifar. Daga baya na karanta babban binciken da aka buga a 2018 kan marasa lafiya 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25. Marasa lafiyarmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya, ciwonsu bai kai nasu tsanani ba, amma haɗarin mutuwarsu bayan aiki ya ninka biyu, kuma kusan duk mace-macen a kwanakin bayan aikin suka faru, a ɗakin jinya, inda ba isassun idanun da za su lura mutum yana zamewa. Ina karantawa ina ganin hannun matar nan da maficinta. Nas-nas ɗinmu kuwa ga su can suna layin neman takardun tafiya Ingila, kuma wanda ya ga albashinsu ba zai zarge su ba.

Saura namu na zango. Mun iya haɗa kuɗi, wannan ba a fi mu ba. In aka yi rasuwa, kafin a idar da wanka an sayi likkafani, an biya masu haƙa, an kafa rumfa, an ɗora tukunyar sadakar uku. In biki ne, a yayi kaɗai, wato anko, mata za su fitar da abin da ya isa aikin afendis. Amma daren da nake tsaye da takardar magani a hannu, sai da na buga waya goma sha wani abu kafin kuɗi su fara shigowa ta waya, ta MoMo, jinin kuma wani ɗan ƙwallon unguwarmu ne da abokinsa suka bayar bayan 'yan'uwa na jini sun ce suna jin jiri. Me zai hana kowane masallacin Juma'a ya ajiye asusu na wannan daren kaɗai, a hannun mutum uku amintattu, a fitar ba tare da taro ba? Me zai hana samarin da ke kwana a bes, wato dandalin hirarsu, suna shan ataya su san rukunin jininsu, a rubuta a littafi a ajiye wurin ladan? Katin inshora ana sabunta shi ta waya da *929#, amma sai ciwo ya zo ake tunawa ya mutu tun bara. Limamanmu kuma, da suke da kunnen dattawa fiye da kowane likita, su faɗa a kan mumbari da sunanta: gwaiwa ciwo ce kamar kowane ciwo, tuɓewa gaban likita don magani ba tsiraici ba ne, kuma wanda kumburinsa ya ƙi komawa, ko cikinsa ya yi tauri kamar allo, ko yake amai ba ya fitar da iska, ba a jiran kowa ya dawo daga ko'ina. A sha rubutun a cikin mota in an ga dama, ko da yake likita zai fi so a bar cikin ba komai.

Kawu ya koma mayanka, sai dai yanzu yaransa ke saɓa naman, shi yana zaune a kan benci yana duba hanji yana ba da umarni. Na ji an ce ya kori wani yaronsa gida ya ce kada ya dawo sai da takardar asibiti, don ya lura da yadda yake dafe mara in zai ɗaga kaya. Da muka koma a duba ɗinki, likita ya taɓa ɗaya ɓangaren ya ce, "Alhaji, akwai ƙarama a hagu ma, gara mu yi ta tun tana ƙarama." Aka ba shi rana. Da ranar ta matso na je na tuna masa, na same shi yana wasa wuƙa. Bai ɗago ba ya ce, "Na sani, yaro. Bari Layya ta wuce tukuna, ka san lokacin ciniki ne."